Kuɗin Kallo Daga Haɗejiya, Muryar Sharhi Daga Landan

Ranar Asabar, da an sallame La'asar, ƙarar janareta kan fara tashi a unguwannin Haɗejiya. Daga Matsaro zuwa Dubantu, daga Yankoli zuwa Kasuwar Ƙofa, za a ga an jingine allo a bakin rumfar kwano, an jera wasannin ranar da alli, kowanne da lokacinsa da kuɗin shigarsa. Mai kifi ya wanke hannu ya baro kasuwa, mai ban-ruwa ya kashe injinsa a fadama, ɗalibin Kwalejin Binyaminu Usman ya ajiye littafi. Kafin alƙalin wasa ya busa usur a Manchester ko Landan, bencina sun cika, na baya suna tsaye, yara sun liƙe ido a ramukan kwano.

Duk wanda ke cikin ɗakin nan Hausa yake yi. Da Hausa ake musu a kan satar gida, da Hausa ake tsokanar 'yan Arsenal, da Hausa ake roƙon mai gida ya ƙara sauti. Murya ɗaya ce tak ba ta Hausa a wurin, wato wadda ke fitowa daga sifika, kuma ita kaɗai ce ake biya. Wani lokaci Turancin Ingila ne, wani lokaci Larabcin Issam Chaouali ko Hafid Derradji na tashar beIN, wani lokaci kuma Faransancin Canal+ da ya tsallako daga Nijar. Mafi yawan masu kallo ba ma'anar kalmomin suke bi ba. Tashin muryar da saukarta suke bi, kuma sun saba da ita har sukan gane mai sharhi tun daga gaisuwarsa ta farko.

Shi ya sa a 2022, lokacin da Peter Drury ya bar sharhin Firimiya da ake turo wa ƙasashen waje ya koma tashar NBC ta Amurka, aka ji abin a gidajen kallon Najeriya kamar an sayar da ɗan wasa. Babu wanda ya tambayi mai kallo a Haɗejiya, alhali da kuɗinsa a cikin abin da ake biyan waɗannan muryoyi. Wannan sauyi ƙaramar alama ce ta wata babbar girgiza da ta kama harkar nuna wasanni ta talabijin na kuɗi a duk duniya, kuma girgizar ta riga ta iso bakin Kogin Haɗejiya.

Inda kuɗin ke tafiya

Tashar wasanni ba ta da gona, ba ta da masana'anta. Abin da take sayarwa izini ne, wato haƙƙin nuna wasa, kuma wannan izini gwanjonsa ake yi duk bayan 'yan shekaru. A ƙarshen 2023 hukumar Firimiya ta sayar wa Sky da TNT Sports da BBC izinin nunawa a cikin Birtaniya kaɗai a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu. A Amurka, gasar ƙwallon kwando ta NBA ta ƙulla yarjejeniyar shekara 11 a 2024 da ta haura dala biliyan 70. Da irin wannan kuɗi ake biyan albashin 'yan wasan da matasanmu ke manna hotunansu a jikin babur da a-daidaita-sahu.

Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv da tashoshin SuperSport, da kuɗin waje yake sayen nasa izinin, amma da naira yake karɓar kuɗin wata a Najeriya. A nan ne gizo ke saƙar. Kafin watan Mayun 2023, babban tsarin DStv na Premium naira 21,000 ne a wata. Ya koma 24,500 a watan Mayun, ya koma 29,500 a Nuwamba, ya kai 37,000 a Mayun 2024, sannan 44,500 a Maris ɗin 2025. Ƙari huɗu ke nan cikin ƙasa da shekara biyu, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000.

Adalci ne a duba ɗaya gefen ma. Lokacin da ake biyan 21,000, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, wato kamfanin na samun kimanin dala 45 daga kowane mai Premium. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023 ta gangara har ta wuce 1,500, wannan 44,500 ɗin bai cika dala 30 ba. Mai biya yana kuka an ninka masa kuɗi, mai karɓa yana kuka kuɗin ya ragu, kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Sakamakon bai ɓoyu ba: kamfanin da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biyan kuɗi miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu zuwa Maris ɗin 2025. A watan Yunin shekarar ya zaftare rabin farashin dikoda, a watan Satumba kuma kamfanin Canal+ na Faransa ya kammala karɓe ragamarsa.

Waɗanda suka gwada ƙwace kasuwar ma ba su ji da daɗi ba. A 2007 tashar HiTV ta Toyin Subair, kamfanin ɗan ƙasa, ta karɓe mafi yawan wasannin Firimiya daga hannun DStv, masu gidajen kallo suka ruga suka sayi sabuwar dikoda mai rahusa. Da aka zo sabon gwanjo a 2010, farashi ya yi tashin gwauron zabo, HiTV ta kasa kawo garantin banki a kan kari, izini ya koma inda ya fito, a 2011 kuma tashar ta rufe. Kwesé ta attajirin Zimbabuwe Strive Masiyiwa ta shigo da ƙarfinta, har ta nuna Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018, amma ba ta ga ƙarshen 2019 ba. Duk lokacin da irin wannan tasha ta faɗi, abu biyu take bari a baya: dikodojin da suka zama kwandon shara a ɗakunan ajiya, da masu sharhi da masu ɗaukar hoto da suka wayi gari ba aiki.

Lissafin mai gidan kallo

A Haɗejiya, duk wannan lissafi a kan mutum ɗaya yake sauka. Mai gidan kallo ba zai iya da dikoda ɗaya ba, don a yammaci guda ana iya buga wasan Chelsea da na Liverpool da na Real Madrid, kowane kuma da jama'arsa. A ɗauka yana karɓar naira 200 a kan kowane mutum. Tsarin Compact Plus na DStv, wanda ya kai naira 30,000 a Maris ɗin 2025, zai cinye kuɗin shigar mutum 150 kafin a yi maganar hayar fili, gyaran talabijin, ladan yaron ƙofa da kuɗin mai. Wannan ma farashin kallon gida ne, kamfanin yana da wani tsari dabam na wuraren kasuwanci.

Man fetur kuwa shi ne babban dodo. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba. A ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Wutar KEDCO ba abin jingina ba ce ga wanda ya tara mutum ɗari a ɗaki, don ɗaukewar minti biyar a daidai bugun fenariti ta isa ta kore masa jama'a zuwa gidan maƙwabci. A watan Oktoban 2024, da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, jihohi da dama sun kwashe kwanaki a duhu, Jigawa na ciki. Wanda ke da hali ya koma sola da batura, wanda ba shi da shi ya rage wasannin da yake nunawa zuwa manya kawai.

Akwai kuma abin da mai zaune a ofis a Johannesburg ko Paris ba zai gani a kwamfutarsa ba. Kuɗin mutumin fadama ba wata-wata yake shigowa ba. Yana zuwa ne da kaka, idan an yanke shinkafa an kaɗe riɗi, sai kuma bayan noman rani, idan alkama da shinkafar ban-ruwa ta Auyo sun shigo kasuwa, ko lokacin da ruwa ya ja baya kifi ya samu. Kakar ƙwallon Turai kuwa a watan Agusta take farawa, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kowa kuma hankalinsa na kan jinga da tashin kogi. A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, da ruwa ya shafe gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri, wa ke ta ƙwallo? Amma kuɗin wata ba ya jira, kwana talatin na cika hoto ya ɗauke. 'Yan majalisar tarayya sun sha kiran a koma biyan gwargwadon abin da aka kalla, MultiChoice na cewa tsarin sayen izini bai ba da damar haka ba, ko da yake StarTimes ta daɗe da fito da biyan kullum da na mako.

Sai abokin hamayya na ƙarshe, wanda ke cikin aljihun kowane matashi. Da waya da 'yar data, mutum na iya kallon wasa a shafukan sata yana kwance a ɗakinsa. Hoton yana tsinkewa, yana makara, wani lokaci sai ka ji ihun gidan kallo kafin ƙwallon ta shiga a wayarka, amma ba a biyan kuɗin ƙofa. MultiChoice ta yi ƙoƙarin bin mutane can a watan Fabrairun 2024 da tsarin kallon Firimiya a waya ta manhajar Showmax. Sai ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, nan ma aljihu ya sake jin jiki.

Me ya sa murya ce ake fara yankewa

Tasha ba ta da ikon rage kuɗin izini, don idan ta ƙi biya wata za ta biya. Ba ta da ikon rage kuɗin tauraron ɗan'adam. Wurin da wuƙarta ke ci shi ne ma'aikata, musamman waɗanda suka daɗe albashinsu ya yi nauyi. A watan Agustan 2020 Sky Sports ta sallami Matt Le Tissier da Phil Thompson da Charlie Nicholas a rana ɗaya. A 2023 Jeff Stelling ya bar shirin Asabar da ya yi fiye da shekara 25 yana jagoranta, Martin Tyler ma ya bar tashar bayan shekara 33, aka kawo Peter Drury ya gaje shi. A Afirka ta Kudu, Robert Marawa, wanda fuskarsa ta zama kamar tambarin SuperSport, ya bayyana a watan Mayun 2019 cewa ta saƙon waya aka gaya masa kada ya zo aiki.

A Amurka abin ya fi fitowa fili. ESPN tana shiga gidaje kimanin miliyan 100 a 2011, yanzu ta sauka ƙasa da miliyan 70, saboda mutane na yanke wayar talabijin suna komawa intanet. A ƙarshen watan Yunin 2023 ta sallami kusan mutum 20 daga fitattun fuskokinta, cikinsu har da Jeff Van Gundy da Suzy Kolber. Amma a 2025 tashar nan ta ƙulla wa Stephen A. Smith kwantiragin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 100 na shekara biyar. Sabon salon ke nan: a zuba dukiya a kan mutum ɗaya ko biyu masu jan jama'a da musu da hayaniya, a share na tsakiya, wato masu bin ƙungiya shekara da shekaru, masu sanin tarihin kowane fili. Ko ƙasashen Larabawa masu kuɗin mai ba su tsira ba. Tashoshin SSC na Saudiyya, da suka tattaro manyan masu sharhi a 2021 suka kuma nuna zuwan Cristiano Ronaldo Al-Nassr, sun rasa izinin gasar ƙasarsu a 2025 ga kamfanin Thmanyah.

Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta albashi. Mai sharhi da ya daɗe shi ne ma'ajiyar tarihin wasa. Dattawan da suka saurari Rediyon Najeriya a shekarun 1970 da 1980 har yau suna tuna Ernest Okonkwo, wanda ya rasu a 1990, da laƙabin da ya raɗa wa Segun Odegbami da Christian Chukwu suka bi su har tsufa. A wancan zamanin ne Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1978, shekarar da Pelé ya taka leda a Kaduna. Mafi yawan mutanen ƙasar Haɗejiya ba su ga waɗannan wasanni da ido ba, a akwatin rediyo suka gan su, ta bakin mutanen da suka zauna a kujera ɗaya tsawon rayuwar aikinsu.

Namu masu sharhin

Harshen Hausa bai rasa gwanayen wannan aiki ba. Sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, ya daɗe yana kawo sharhin wasan Firimiya kai tsaye ta rediyo a ƙarshen mako, RFI Hausa na da shirinta na wasanni, gidajen rediyon Kano da Dutse da Sawaba FM ta nan Haɗejiya suna magana da matasan da ƙwallo ta zame musu abin hira na kullum. Kalmomin aikin ma sun zauna daram: mai tsaron raga, bugun kusurwa, bugun daga kai sai mai tsaron gida, kunnen doki, canjaras, jan kati. Harshen da ya san kirarin 'yan dambe da na 'yan kokawa, ya san yadda sanƙira ke ɗaga murya a gaban sarki, ba zai rasa yadda zai raka ƙwallo zuwa raga ba.

Abin da aka rasa shi ne kujerar da mai wannan baiwa zai zauna ya tsufa a kanta. Gidajen rediyon ƙasar nan su ma a matse suke. Tsadar dizal ta 2022 ta sa da yawa sun rage awannin aiki, a watan Agustan shekarar kuma hukumar NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, kafin ta dakatar da matakin. A irin wannan yanayi, shirin wasanni yakan zama na wanda zai nemo mai ɗaukar nauyi da kansa. Saurayi zai yi shekara biyu ko uku yana gina jama'a, da kuɗinsa yake sayen data yana bin labarai, da babur ɗinsa yake zuwa fili. Ranar da aure ya zo ko haihuwa, sai ya nemi wata sana'a, ko ya koma babbar tasha a Kano ko Abuja, ko ya buɗe shafinsa a Facebook da TikTok. Masu sauraro su wayi gari da sabuwar murya, a sake sabon lale.

Manyan tashoshin waje, da a da ake ganin shiga cikinsu kamar an haye tudun mun-tsira ne, su ma ƙasa na motsi a ƙarƙashinsu. BBC ta sanar da rage ɗaruruwan ma'aikata a sashenta na duniya a 2022, kuma ƙwararru da dama daga sashen Hausa sun koma TRT Afrika ta Turkiyya da aka buɗe a Maris ɗin 2023. A Maris ɗin 2025 Muryar Amurka ta yi shiru bayan umarnin Shugaba Donald Trump, masu saurare a Najeriya da Nijar suka kunna rediyo suka tarar da kiɗa a lokacin labarai. Duk muryar Hausa da albashinta ke fitowa daga kasafin wata ƙasa, rayuwarta na hannun siyasar wannan ƙasar.

Shafukan sada zumunta sun buɗe ƙofa, babu shakka, kuma akwai matasan da ke yin aiki mai kyau a can. Sai dai kasuwar can ladanta na ga mai zafin baki. Wanda ya ci mutuncin Messi ko Ronaldo ya fi tara jama'a a kan wanda ya zauna ya bayyana dalilin da ya sa tsakiyar fili ta rushe. Matsalar da ta kori na tsakiya a ESPN ita ce ke hana na tsakiya tasowa a nan.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata a ambata. Cikin manyan masu zuba kuɗin talla a harkar wasanni yau akwai kamfanonin caca. MultiChoice da kanta ta sayi kashi 49 cikin ɗari na kamfanin BetKing zuwa 2021, kuma duk mai kallon wasa ya san irin tallan da ke cika hutun rabin lokaci. Wannan kuɗi ba na ƙasar Hausa ba ne. A Kano, Hisba ta rufe shagunan caca da dama a 2024, kuma ba uban da zai so ɗansa ya tashi daga kallon wasa ya tafi yankar tikiti da kuɗin taki. Ko a Ingila, ƙungiyoyin Firimiya sun amince su cire sunan kamfanonin caca daga gaban riguna daga kakar 2026. Ke nan duk mai son gina sharhin wasanni da Hausa dole ya nemo wani tushen kuɗi mai tsabta tun daga farko.

Wasan da ke bakin ƙofa

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda matashin Haɗejiya zai lissafa 'yan benci na Manchester City, amma da wuya ya ga ƙungiyar jiharsa a allo. SuperSport ta taɓa nuna gasar Najeriya, ta janye a 2017 bayan faɗuwar naira, wa'adin yarjejeniyar bai ma cika ba. StarTimes ta sa hannu a wata sabuwa a 2023, amma wasanni kaɗan ne kyamara ta riƙa kaiwa gare su a kowane mako. Jigawa Golden Stars, da ta taɓa karɓar baƙi a filin wasa na Haɗejiya, a Kaduna ta buga wasanninta na gida a kakar 2021, fiye da kilomita 400 daga nan, kuma a ƙarshen kakar ta faɗo daga babbar gasa. Ƙungiyar da jama'arta ba sa gani, ba sa ji, ta yaya za ta yi magoya baya?

Kano ta nuna cewa ƙishirwar tana nan. Da Ahmed Musa ya koma Kano Pillars a watan Oktoban 2024 ya ci biyu a wasansa na farko, maganar ta zagaye Arewa cikin sa'o'i. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana cikin filayen da suka fi cika a ƙasar nan, gwarzon Pillars Rabi'u Ali kuma sunansa ya shiga gidajen da ba su taɓa mallakar dikoda ba. Izinin nuna irin wannan wasa da naira ake sayensa. Na gasar matasa ta masarauta kuwa, ko wasan Malam Madori da Kaugama, ko na Birniwa da Guri, ba ya buƙatar komai sai yardar masu shiryawa.

Nan ne ya kamata hankali ya koma. Babu ɗan kasuwar Jigawa da zai iya gwanjo da Canal+ a kan Firimiya, tarihin HiTV ya isa gargaɗi. Amma makirufo biyu, wayoyi masu kyamara mai kyau, batirin sola da layin intanet sun isa a kai wasan filin Haɗejiya ga rediyo da Facebook, kuma kuɗinsu bai kai na buhunan shinkafar da mota ɗaya ke fita da su daga garin ba. Masu injinan casar shinkafa, dillalan kifi da riɗi, masu sayar da taki da injinan ban-ruwa da kayan sola, duk abokan cinikinsu su ne waɗannan matasa da ke kan benci. Tallan da za su sa a wasan Asabar zai shiga kunnen mai saye kai tsaye, da harshensa.

Sharaɗin shi ne a riƙe mai sharhi da daraja. Gidan rediyon da ke son shirin wasanninsa ya yi ƙarko ya ba mai gabatarwa takardar aiki ta shekara biyu ko uku, da albashi sananne, da kaso a cikin tallan da muryarsa ta jawo, ya kuma haɗa shi da yaro mai tasowa da zai koya a gefensa. Gwamnatin jiha, da ke da gidan rediyo da talabijin da kuma ƙungiyar ƙwallo, za ta iya sa sharhin Hausa na kowane wasan Golden Stars cikin kasafin ƙungiyar, kamar yadda ake sa kuɗin mota da masauki. Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero na da malaman da za su iya shirya gajeren horo a kan sharhin wasa, a tattara kalmomin aikin a daidaita su.

Masu gidajen kallo ma suna da ƙarfin da ba su gwada ba. Kowannensu shi kaɗai yake fuskantar ƙarin kuɗi, alhali idan na ƙananan hukumomi takwas na masarautar suka haɗa kai da takwarorinsu na Gumel, Dutse da Kano, za su iya zama da sababbin masu MultiChoice su nemi abu biyu a fili: tsarin biya na mako ko na wasa da ya dace da kuɗin manomi, da zaɓin sharhin Hausa na dindindin a kan manyan wasanni, wanda 'yan ƙasa za su yi a kan kwantiragi. Kamfanin da ya rasa mutum miliyan 1.4 yana da dalilin saurare. Ya riga ya san darajar harshen, tunda ya daɗe da tashar Africa Magic Hausa yana kuma ɗauke da Arewa24.

Idan aka tashi daga wasan ƙarshe da daddare, janareta ya yi shiru, jama'a ba sa watsewa nan take. Sukan koma teburin mai shayi, a nan ne ake sake buga wasan daga farko. A kusan kowace majalisa akwai saurayi ɗaya da idan ya fara kwatanta yadda aka ci ƙwallo ta biyu, sai kofuna su tsaya a hannu, har mai shayin ya rage wutar risho don ya ji. Ya san sunan kowa, ya san tarihin karawar, yana da kirarin da ya ƙaga wa ɗan wasan da yake so. Gobe da asuba zai ɗauki fatanya ya nufi gona a hanyar Auyo, ko ya buɗe shagon cajin waya a bakin kasuwa. Filin wasa na garin tafiyar 'yan mintuna ce a babur daga inda yake zaune, kuma a ranar da za a buga wasan ƙarshe na gasar matasa a can, shi ya kamata a miƙa wa makirufo, a biya shi, a kuma rubuta sunansa a jadawalin mako mai zuwa.